Ƙullin da Ban Buɗe Ba

A Libreville, ranar da aka ji za ka gida, ranar ka zama ɗan aiken kowa. Ban san ta inda labarin yake fita ba. Ni dai a sanina maigidana kaɗai ya san ranar tafiyata, shi da ya sayi tikitin, amma kafin mako ya zagayo ɗakina na unguwar PK8 ya cika da ƙulle-ƙullen mutane. Wannan ta kawo turmin atamfa a kai wa uwarta a Fagge, wancan ya kawo takalmin yara, wata ta kawo sabulu da man kitso sai ka ce babu su a Kano. Ba ka da bakin cewa a'a, don kai ma wata rana ƙullinka zai bi wani.

A lokacin shekarata goma sha ɗaya a Gabon. Maigidana yana da kantin kayan masarufi a bakin babbar hanya, inda motocin haya suke sauke mutane, ni kuma ina sayar da mayafai da turaren wuta a cikin gida. Sau biyu na taɓa zuwa gida, duk tare da shi, shi ke riƙe fasfo, shi ke magana da ma'aikata, nawa bin baya. Wannan karon za a yi wa mahaifiyata aikin ido, kanti kuma ba ya rufuwa, don haka ni kaɗai zan tafi.

Maigidana mutum ne mai sauƙin kai, amma a kan saƙo ba shi da wasa. Ya kafa doka cewa duk wanda ya kawo ƙulli, a gabansa za a kwance a ga abin da ke ciki, sannan a mayar a ɗaure. Ya ce mutane nawa ne suka shiga hannun hukuma a filin jirgi a kan kayan da ba su san cikinsu ba, wanda ya ba su kuwa yana gida yana barcinsa. Haka na yi ta kwance ƙullin mutane ina ba su haƙuri. Wata maƙwabciyarmu har ta yi fushi, don da na zazzage nata sai ga kayan da ba ta so kowa ya san tana aika wa ƙanwarta amarya. Ta tattara abinta ta fita, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Daga baya ta dawo da shi a buɗe.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ya zaunar da ni ya sa na zazzage jakar da zan shiga jirgi da ita. Ya tsinci ɗan almakashin da nake yanke zare da shi, ya tsinci reza, ya ware. Ya ɗaga kwalbar humrata ya girgiza kai.

"Wannan ta fi ƙarfin jakar hannu," ya ce. "Duk abin da yake zuba ko ake shafawa, in mazubinsa ya wuce mililita ɗari, ƙwacewa za su yi. Ko saura kaɗan ne a ciki, girman kwalbar suke dubawa. Ki sa a babban akwati."

"To man shafawata fa?"

"Shi ma. Ki ɗibi kaɗan a ƙaramin gwangwani. Wayarki kuma ki cika ta da caji, wani lokaci sukan ce a kunna su gani."

Na ce masa ya mayar da ni kamar wadda ba ta taɓa ganin jirgi ba. Ya ce ganin jirgi daban, amsa tambaya daban.

Jirginmu na yamma ne, zai sauka Legas, washegari in hau wani zuwa Kano. Tun azahar muka fito saboda cunkoson hanyar PK, kuma aka yi rashin sa'a ruwa ya tsuge, irin ruwan Libreville da ba ya sallama. Duk da haka mun isa da sauran lokaci. Matafiya kaɗai ake bari su shiga zauren awon kaya, don haka maigidana ya tsaya a waje ƙarƙashin rumfa, na tura akwatuna biyu na shiga. Faransancina na kasuwa ne, amma yana kai ni inda zan je. Matar da ke awo ta tambaye ni ko ni na haɗa kayana da kaina, na ce ni na haɗa, kuma gaskiya na faɗa. Akwatunan suka wuce, aka ba ni takardar shiga jirgi, na fito don mu yi sallama.

Na tarar yana duba agogo. Ya ce bari ya yi la'asar a can gefe inda direbobin taksi suke shimfiɗa kwali, in jira shi, minti biyar. Bai fi taku ashirin da barin wurin ba na ji ana cewa, "Ɗiyata! Ɗiyata!"

Na juya sai ga Baba maigadi, ya jiƙe sharkaf, hularsa na ɗigar ruwa, ya rungume wani abu a ƙirji a ƙarƙashin rigarsa.

Baba mutumin Maraɗi ne, ya fi shekara talatin a Gabon. Gadi yake yi a wani gida a unguwar Angondjé, can Akanda a ɗaya gefen gari, amma duk Juma'a sai ya keto gari ya zo PK8 ya yi salla da 'yan'uwa, ya zauna a kantin maigidana ya sha shayi. Matarsa 'yar ƙasar ce, daga wajen garin Oyem, ta musulunta suka yi aure, kuma ta rasu shekara biyu kafin wannan rana. 'Yarsu ɗaya, ta auri wani yaron Kano da ya tashi a nan, suka koma gida. Na san tana da ciki, don Baba ba ya buɗe baki bai ambace ta ba.

Ya zaro ƙullin. Girmansa bai wuce bulon burodi ba, amma da na karɓa sai na ji nauyi kamar dutse. An naɗe shi da baƙar leda, an bi da salatif mai ruwan ƙasa an zagaye, an sake zagayewa, ko allura ba za ta samu hanya ba. A jiki an manna takarda da lambar waya.

"Baba, ai kaya sun riga sun wuce," na ce. "Me ya sa ba ka kawo gida ba?"

"Wallahi yau da hantsi ya iso daga ƙauye, ɗiyata. Ƙanwar marigayiya ta aiko. Taksi uku na hau kafin in iske ki. Ki taimake ni ki kai ma yarinyar nan, wata guda ke nan tana yi mini kuka a waya."

"Mene ne a ciki?"

"Kayan uwarta ne, da ɗan abin miya. Babu komi, babu komi."

Na dubi salatif ɗin, na dubi farcena, na dubi dattijon nan da gemunsa ke zubar ruwa. Da a ɗakina ne, da wuƙa a kusa, da na ce Baba ka yi haƙuri in buɗe. Amma a nan, a tsaye, a gaban mutane, in ce wa sa'an mahaifina ban yarda da shi ba bayan ya hau taksi uku a cikin ruwa? Bakina ya ƙi. Na buɗe jakar hannuna na tura ƙullin ƙarƙashin mayafi na ja zif.

Da maigidana ya dawo suka gaisa, ya ɗauka Baba rakiya ya zo yi mini, har yana yi masa godiya. Baba bai gyara masa ba, ni ma ban ambaci ƙullin ba. Muka yi addu'a, na shige.

An buga mini fasfo ba tare da wata matsala ba. Daga nan sai layin bincike. Na yi yadda na ga na gabana suna yi: na sa jaka a farantin roba, na sa waya da agogo a wani, na cire takalmi. Na bi ta ƙofar nan mai ƙara, ba ta yi ƙara ba, wata ma'aikaciya ta shafa jikina ta ce in wuce. Na tsaya a ɗaya gefen ina jiran jakata ta fito daga na'urar da ke haska kaya.

Farantin wayata ya fito. Takalmina ya fito. Jakata ta leƙo, sai ta koma ciki.

Saurayin da ke zaune gaban allon na'urar ya matso da fuskarsa. Ya danna wani abu, ya sake dubawa, sannan ya ɗaga hannu ya kira wata mace mai manyan kafaɗu, da alama ita ce shugabarsu. Ita ma ta sunkuya ta duba. Ba su yi magana da ƙarfi ba, amma na ga an tsayar da layin, an ce na bayana su ja da baya. Wani ɗan sanda da ke jingine da bango ya miƙe tsaye.

Daga inda nake ina hango gefen allon. Ban iya karanta hoton ba, amma ko jahili ya ga abin da suka gani: wani dunƙule mai kauri, a jikinsa wani abu mai siffar waya, ga igiya ta nannaɗe su, ga kuma wani abu kamar gwangwani a gefe.

Shugabar ta ɗauko jakar da kanta, ta ajiye a kan wani tebur na ƙarfe, ta ce, "Madam, wannan taki ce?"

"Tawa ce."

Ta sa safar hannu ta buɗe, ta ɗaga mayafin, ta fito da ƙullin a hankali ta ajiye. "Wannan fa?"

A nan ne Shaiɗan ya zo mini da shawara. Ya ce ki ce naki ne, ki ce abin miya ne, ai haka Baba ya faɗa. In kika ce ba ki san cikinsa ba, kin ɗaure kanki. Sai kuma na tuna yanzu za ta yanka ledar, in ta tambaye ni abin da za ta gani ba ni da amsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ba nawa ba ne," na ce. "Saƙo ne. Wani dattijo ya ba ni a bakin ƙofa, in kai wa 'yarsa."

"Me ke ciki?"

"Ban sani ba. Ya ce kayan matarsa ne da ta rasu, da abin miya."

Ba tsawa ta yi ba, da ma tsawar ta yi da ya fi mini sauƙi. "Kin karɓi kaya a rufe, ba ki san cikinsu ba, za ki shiga jirgi da su tare da mutane sama da ɗari. Kina da 'ya'ya, Madam?"

"Huɗu."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta karɓi fasfona da takardar jirgi ta miƙa wa ɗan sandan. Aka kawo wani ɗan ƙyalle a bakin sanda aka goga a jikin ledar, aka goga a tafin hannuna da bakin jakata, aka sa a wata na'ura. Ina tsaye ba takalmi a kan tayil mai sanyi, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ba Baba nake zargi ba. Amma shi ma aiko masa aka yi, ta hannun direba, direban ma wa ya san ta hannun wa. Na hango mahaifiyata a gadon asibiti da bandeji a ido tana tambaya ina nake. Na hango maigidana ana kiransa a waya.

Na'urar ta yi ɗan ƙara, saurayin ya ce babu komai. Duk da haka matar ba ta saki fuska ba. Ta karɓi ƙaramar wuƙa ta fara yanka salatif, zagaye bayan zagaye. Ƙarƙashin baƙar ledar akwai wata leda, ƙarƙashinta tsohon zane. Tana warware zanen wani ƙamshi ya tashi, kamar gyaɗa da aka soya ta ɗan kama, haɗe da hayaƙin itace.

Sai na ga hancinta ya motsa. Ta ɗaga dunƙulen, ruwan ƙasa mai duhu, mai tauri kamar sabulun salo da ya bushe, ta kai hanci ta shaƙa. Ta juya ta nuna wa saurayin, ta faɗi wata magana da yarensu, duk suka kwashe da dariya har da ɗan sandan.

"Odika," ta ce da ni. "Shekara nawa kike a ƙasar nan?"

"Goma sha ɗaya."

"Ba ki san odika ba?"

Na san shi a ido, ina ganin mata na sayar da shi a kasuwa. Ƙwallon wani mangwaron daji ne ake soyawa a daka a zuba a mazubi ya daskare, in za a yi miya sai a kankare. Ban taɓa saya ba, ban taɓa ci ba. Shugabar ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ce wannan na ƙauye ne na gaske, ba irin na gari da ake haɗawa da gyaɗa ba. Duk da haka sai da ta mayar da shi cikin na'ura shi kaɗai, ta tabbatar ba a binne komai a cikinsa ba.

Abu na biyu tsohuwar waya ce mai madannai, an naɗe ta da igiyar cajinta an ɗaure a jikin odikan. Ta danna, ba ta kawo wuta ba. Ta ce sai ta ga ta kunnu kafin ta bar ta ta wuce. Aka jona ta a bango kusa da teburin, muka tsaya muna kallonta ni da ita kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Can ta yi haske. Hoton da ya fito na marigayiyar ne, ta yafa mayafi, ta dafa kafaɗar 'yarta ranar aure. Na ce wa ma'aikaciyar ita ce mai wayar, wannan kuma ita ce 'yar da zan kai wa, tana da ciki.

Ta daɗe tana kallon hoton. "Cikin fari?"

"Na fari."

"Shi ya sa," ta ce. "Miyar uwarta take so." Ta kashe wayar ta naɗe igiyar da kyau, ta fi yadda aka naɗo ta.

Na uku shi ne abin da na hango kamar gwangwani. Kwalba ce babba, irin ta mayonis, cike da zumar daji baƙa. Nan ta girgiza kai.

"Wannan ba za ta wuce ba."

Na roƙe ta. Na ce ai ta ga zuma ce, in ta yarda in lasa a gabanta. Ta ce ta san zuma ce, ita ma da za a ba ta tana so, amma doka ba ta ce sai abin da ba a sani ba, cewa ta yi duk abin da ke zuba in ya wuce mililita ɗari. Da tana babban akwati babu mai tambaya. Na ce a mayar da ni wajen awo, ta duba agogo ta ce an rufe. Ta nuna mini wata babbar roba a gefe, cike da kwalaben ruwa da turare da man shafawa na mutane.

"Ko can, ko kuma in akwai naki a waje a mayar masa."

Ba yadda na iya, na ɗauki waya na kira maigidana. Bugu ɗaya ya ɗauka, ashe ba su tafi ba, suna jiran ruwa ya tsagaita shi da Baba. Na faɗa masa komai a gurguje. Sai ya tambaye ni:

"Sun ba ki fasfonki?"

"Yanzu za su ba ni."

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya sake cewa, "Alhamdu lillahi. Sauran maganar sai kin dawo."

Ina jiyo Baba a bayansa yana salati yana cewa shi ya ja mini, a ba shi wayar. Da ya karɓa ya ce, "Ki gafarce ni, ɗiyata, ban san zuma laifi ce ba." Na ce masa odika da waya sun wuce. Ya ce to, ai su ne, zuma ko a Maraɗi akwai.

Shugabar ta kira wata ma'aikaciyar kamfanin jirgin da za ta fita, ta ba ta kwalbar, na kwatanta mata maigidana: dogo, farar riga, yana tare da tsoho mai jiƙaƙƙiyar hula. Ɗan sandan ya miƙo mini fasfo. Matar ta naɗe odikan a zanensa ta sa mini a jaka da hannunta, ta ce in na isa Legas in mayar da shi babban akwati, kada a sake tsayar da ni. Sannan ta ce, "Ko uwarki ce ta ba ki, ki buɗe." Na ce in Allah ya yarda. Na yi taku uku ta kira ni, ashe takalmina na bari a faranti.

A zauren jira na samu kujera a ƙarshe, kusa da gilashi. Ruwa ya ɗauke, ana jan akwatuna zuwa jirgi, bayan filin kuma ga teku ya yi fari. Wata Bayarabiya da ke bayana a layi ta zo ta zauna kusa da ni, ta miƙo mini ruwan da ta saya a ciki, ta ce da Hausarta ta 'yan kasuwa, "Sha, Hajiya. Ni kifi busasshe suka taɓa kama ni da shi." Na sha rabin gorar ban sauke ba. Da aka kira jirginmu na tashi jikina sakayau, kamar wadda zazzaɓi ya saka.

Aikin idon mahaifiyata ya yi kyau. Sai da ta kwana huɗu a gida sannan na kira lambar da ke jikin takardar, aka kwatanta mini gidan a Hotoro. Yarinyar ta fito da tsohon cikinta, ta yi mini sannu da zuwa da Faransanci kafin ta tuna ta juya Hausa. Na ba ta wayar, ta riƙe ba ta kunna ba, ta shiga ɗaki ta ajiye ta fito idonta ja. Odikan kuwa ko zama ba ta yi ba ta sa wuƙa ta fara kankarewa, tana jefa ɓarɓashin a baki ɗanye. Na ba ta labarin filin jirgi, ta yi dariya har tana riƙe mara, ta ce Baba ke nan, ko wasiƙa zai aika sai ya ƙarar da salatif guda.

Ta hana ni tafiya sai na ci. Ta yi miyar da busasshen kifi, ta dafa shinkafa saboda babu rogon da aka saba ci da ita a Gabon. Miyar ta fito baƙa-baƙa, mai kauri, da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Lomar farko na rasa inda zan ajiye ta a raina. Uwar mijinta ta leƙo ta tambaya me ke ƙonewa, aka zuba mata, ta ɗanɗana ta ce Allah ya sauke ki lafiya, ta ajiye cokali. Ni dai na cinye nawa, na kuma miƙa kwano aka ƙara mini kaɗan.